Tambaya da Amsa: Na Ajiye Alƙalami Tun 2016, Ta Ina Zan Faro?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Tawa. Tun ina budurwa nake rubuta gajerun labarai da Hausa har na cika kaye uku, amma da na yi aure a 2016 sai raino da aiki suka sha gabana. Kwanan nan na fiddo su daga ƙasan akwati, gara ta ci gefen ɗaya, na zauna zan ƙarasa labarin da na bari, hannuna ya ƙi. Ko baiwar ce ta tafi?

Amsa: Malama, baiwarki tana nan. Ke da kike Adar kin san rijiyar da aka daɗe ba a ja ba, gugan farko da laka yake fitowa, kuma babu mai rufe rijiya saboda haka. Abin da ya tsayar da ke shi ne kina neman ƙarasa maganar da wata budurwa ta faro, alhali wadda ke riƙe da alƙalamin yau ta yi goyo, ta yi jinya, ta zauna zaman makoki, ta ga abubuwan da waccan ba ta taɓa gani ba. Saboda haka ki karanta kayen sau ɗaya, ki ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin gara ta ƙarasa aikinta, sannan ki ajiye su tukuna.

Ki faro da kunne. Ranar Lahadi idan kin shiga kasuwa, ki tsaya kusa da mai albasa, ki saurari yadda take cewa albarka idan an yi mata tayin da bai kai ba, da yadda mai saye yake juya baya kamar zai tafi, ƙafarsa kuwa ba ta gusa ba. Da kin koma gida ki rubuta abin da suka faɗa kamar yadda suka faɗe shi, ba tare da kin mayar da shi Hausar Kano ba, domin Hausar Adar tana da gishirinta, kuma ƙarancinta a rubuce yana damuna ƙwarai. Rabin shafi ya isa. Ki zaɓi lokaci guda da ba ya canzawa, misali bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ki yi kwana 40 a haka ba tare da kin gyara ko kin nuna wa kowa ba.

Game da ƙa'idar rubutu, kada ta tsorata ki. Nijar ta tsayar da tata tun 1999, inda muke rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke sa alama kafin harafin. Wannan aikin ranar gyara ne. Sannan tun daga watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma ɗaliban da kike koyarwa suna bukatar labarin da za su ga unguwarsu a ciki.

Idan kwana 40 sun cika, ki zaɓi shafin da ya fi tsaya miki a rai, ki faɗaɗa shi ya zama labari guda, ki karanta wa mutum ɗaya mai gaya miki gaskiya, da baki, kina lura da inda hankalinsa ya tafi wani wuri. A nan ne za ki sa alƙalamin gyara. Labarin cikin akwati kuwa, in ya kira ki bayan haka, ki sake rubuta shi daga layin farko.