Ba wuƙar likita ke watsa ciwon daji ba

Ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce kin taso kina jin manya na cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu, shi ya sa ake hana mai shi zuwa tiyata, kina son sanin ko maganar na da tushe. Ni ma da ita na taso. Sai da na daɗe a aikin jinya na gane inda aka samo ta.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne kusan tiriliyan 30, kullum wasu na mutuwa, wasu na maye gurbinsu. Fatar cikin hanji ba ta cika mako ba a sabunta ta ba. Sabuwar ƙwaya kuwa daga tsohuwa take fitowa: ɗaya ta rabu biyu. Amma kafin ta rabu sai ta kwafe DNA ɗinta kaf, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da ita, mai haruffa sama da biliyan 3. Wa zai kwafe wannan bai yi tuntuɓen alƙalami ba? Galibin kurakuran ana gyara su nan take. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, akwai wani mai gadi da ake kira p53, wanda aka gano a 1979, shi ke tsayar da ƙwayar, ko ya sa ta kashe kanta.

Ki ɗauki ƙwayar kamar doki. A cikin rubutun nan akwai umarnin da ke aikin ƙaimi, mai sa ta rabu, akwai mai aikin linzami, mai tsayar da ita. Idan kuskure ya faɗa kan na ƙaimi, sai ya yi ta zungura ba tsayawa. Idan wani ya zo ya tsinke linzamin, shi ke nan. Kuskure ɗaya ba ya isa, sai sun taru cikin shekaru, shi ya sa cutar ta fi kama masu manyan shekaru irina. Hayaƙin taba na hanzarta taruwarsu, haka ciwon hanta nau'in B, haka ƙwayar cutar HPV a bakin mahaifa.

To, nan ne amsarki take. Ƙwayar da ta lalace ɗaya ta zama 2, 2 ta zama 4. Ninki 30 ya haura biliyan 1, kuma duk wannan taron bai wuce girman kan ɗan yatsa ba. Wato ranar da mace ta fara jin ƙullutu a nononta tana wanka, abin ya daɗe yana aiki shiru. Na taɓa leƙa irinsa a madubin likita: lafiyayyun ƙwayoyi a jere tsaf kamar tubalin gini, na ƙarin kuwa a cakuɗe, wata kan wata, tsakiyarsu baƙi ƙirin. Ƙarin har jijiyoyin jini yake janyowa su ciyar da shi. Daga nan wasu ƙwayoyin su ɓalle, su bi jini ko hanyar kaluluwa, su sauka a hanta, ko huhu, ko ƙashi.

Yawanci sai an kai wannan gaɓar ake kawo mara lafiya, bayan an sha jiƙe-jiƙe da shafe-shafe wata da watanni. A yi aiki, ba a jima ba ciwon ya ɓullo a wani wuri, sai a ɗora wa wuƙa laifi, alhali tun kafin ta zo ƙwayoyin sun riga sun yi ƙaura. Ban ga laifin manya ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Wanda aka cire wa ƙarin tun yana wuri ɗaya ya warke, ba a cika ba da labarinsa ba.

Kuma ba kowane ƙullutu ne daji ba, wani kitse ne kawai ya taru, sai an ɗebi ɗan tsoka an gwada ake bambancewa. Wanda kika ce mamanki na ji a hammata, ki lallaɓa ta ku je a duba cikin makon nan, idan ta yi gardama ki haɗa ni da ita a waya.

Gwaggonki.