Jan layi ya ɓace, amma manhaja ta ƙi ginuwa

Sagir, na ga saƙonka. Kana rubuta manhajar lissafin magunguna da yaren C wa wani mai kemis a Terminus, ka ɗauko SQLite, laburaren ajiye bayanai (wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta), ka sa #include <sqlite3.h>, jan layin da VS Code ke ja maka ya ɓace. Amma da ka zo gini sai ya watso maka "undefined reference to sqlite3_open". Kana tambaya ko laburaren ne ya lalace.

Lafiyarsa ƙalau. VS Code ba ya haɗa komai, wurin rubutu ne kawai. Fayil ɗin c_cpp_properties.json da ka gyara na IntelliSense ne, mai ja maka layi da cika maka sunaye. Ka faɗa masa inda sqlite3.h yake, ya yi shiru, shi ke nan aikinsa. Gini kuwa, wato mayar da kod ɗinka manhajar da za ta yi aiki, gcc ke yi, kuma umarninsa a tasks.json yake, fayil ɗin da ba ka taɓa ba.

Fayil mai .h allon ƙofar shago ne, an jera sunayen kaya, amma kayan suna sito. Kompaila, mai fassara kod ɗinka zuwa yaren kwamfuta, allon ya ishe shi: ya ga akwai sqlite3_open, ya san abin da take karɓa, ya wuce. Linka kuwa, mai haɗa kod ɗinka da laburaren, kayan yake nema, wato libsqlite3.a ko libsqlite3.so. Kai ba ka nuna masa ba.

Rufe editan tukuna, ka buɗe tamina, wurin buga umarni, a Ubuntu ɗinka. Sa sudo apt install libsqlite3-dev, da -dev ɗin nan, don shi ke zuwa da .h. Sannan:

gcc kaya.c -o kaya -lsqlite3

Lura, ba a rubuta "lib" ko ".so", linka da kansa yake ƙarawa. Kuma -lsqlite3 bayan kaya.c yake zuwa. Linka daga hagu zuwa dama yake bi, yana ɗaukar abin da aka riga aka nema ne kawai. In ka sa laburaren a gaba, zai leƙa ya ga babu mai buƙata ya wuce, kuskuren nan ya dawo, kai kuma ka rantse ka saka. Wannan ya sha kwanar da yara a shagon nan. In laburaren yana wata folda daban, -I ke nuna inda .h yake, -L inda laburaren yake. Sai ya ginu a tamina sannan ka kwafe umarnin cikin tasks.json.

To amma kwamfutar mai kemis Windows ce, ko? A can, ko ya ginu, in sqlite3.dll, wato laburaren na Windows, ba ya kusa da .exe ɗinka ko cikin PATH, jerin foldodin da Windows ke dubawa, manhajar ba za ta tashi ba. Ka kuma tabbata ba ka gwama na 32-bit da na 64-bit ba. Kada ka sauko da .dll daga shafukan nan masu tallar caca, wallahi ƙwayar cuta za ka kai wa mutum.

Ni da ni ne, duk wannan ba zan bi ba. D. Richard Hipp ya fitar da SQLite a 2000, kuma kod ɗinsa na kowa ne, ba lasisin da zai ɗaure ka. A shafinsu akwai wanda aka dunƙule cikin sqlite3.c da sqlite3.h. Jefa su foldarka, ka gina sqlite3.c sau ɗaya da gcc -c, ba g++ na yaren C++ ba, don zai ƙi. Sai ka riƙa haɗa sqlite3.o da kod ɗinka. In don Windows ka gina shi, fayil ɗaya za ka kai Terminus a filasha. CMake kuma, mai tsara maka umarnin gini, bari sai laburarenka sun kai uku ko huɗu, ka zo shago mu zauna a kai.