Amsa: Komawa wata ƙasa da iyali

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kana son kwashe iyali ku koma wata ƙasa, kana tambaya me za ka fara dubawa. Ni dai shawarata kar albashi ya ruɗe ka, fara duba makarantar yara tukuna, don su ne za su tashi a can su kwashi yare da ɗabi'ar wurin, kai ai ka riga ka girma. Misali Faransa tun 2004 doka ta hana sa hijabi a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, in kana da 'ya'ya mata wannan ba ƙaramin abu ba ne, Ingila kuma babu irin wannan dokar.

Saudiyya da Katar kuwa masallaci ko'ina, amma galibi iƙamarka, wato takardar izinin zama, da aikinka take tafiya, aiki ya ƙare zama ya ƙare, kuma ko a can aka haifi yaro ba ya zama ɗan ƙasa haka kawai.

In da hali ka fara zuwa kai kaɗai, ka nemi gida kusa da masallaci, ka ga ko wurin aiki za su bar ka Juma'a. Kuma ku zauna da madam ku yi maganar sosai, ita kaɗaici zai fi damu wallahi. Kar ka manta istihara.