Tambaya da Amsa: Mashin mai ƙafa huɗu yana jure aikin gona kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni manomi ne a Dadin Kowa, da rani ina shinkafa a ƙasan dam, da damina kuma masara da wake can ciki ta wajen Deba. Matsalata hanya ce wlh, da ruwa ya zauna a watan Agusta shikenan mota bata shiga, mashin ma rabin tafiyar turawa kake, taki kam sai dai a ɗauka a ka. Wani abokina ya turo min hoton mashin mai ƙafa huɗun nan da ake cewa ATV, wai tokumbo ne yana Legas, kuɗin ba kaɗan bane. Dan Allah abin nan yana daɗewa kuwa, ko na 'yan gayu ne da zai yi damina ɗaya ya kwanta min a gida?
Daga wani mai karatu, Dadin Kowa

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya ba da damina mai albarka. Ba na 'yan gayu bane, wannan kam ka cire shi a ranka. Tun 1982 da Suzuki ya fito da na farko mai ƙafa huɗu manoma da makiyaya a Amurka da Ostareliya suke aiki dashi, har yau akwai Honda FourTrax 300 da aka daina ƙerawa tun shekarar 2000 kuma suna nan suna jan kaya a gonaki. Ni ma ina da guda a gonata ta wajen Alkaleri, shekaru kenan, kuma abin da na gani shine injin kansa ba shi ne yake fara mutuwa ba. Ƙurarmu da manmu da rashin kayan gyara su suke kwantar dashi, toh a kan su ya kamata ka yi lissafi kafin ka tura ko sisi.

Bari in fara da ƙura tunda ita ce babba. Inda mashin ɗin yake jan iska a ƙarƙashin kujera yake, kuma taya huɗu masu faɗi suna tayar da ƙurar da mashin mai ƙafa biyu bazai taɓa tayarwa ba, balle da hunturu a kan burtali. Filtar iskar yawanci soso ce, ana wanke ta da ruwan sabulu a bari ta bushe sarai sannan a shafa mata mai, man ne yake kama ƙurar ba soson ba, wanda ya wanke ya mayar da ita a bushe ya buɗe wa ƙasa ƙofa kenan. Ƙasar tana wucewa ta ci ringi da silinda a hankali, baka ji baka gani, wata rana kawai kaga hayaƙi shuɗi a salansa bakin mai yana raguwa, daga nan sai garambawul. Daga Nuwamba zuwa Afrilu in kana hawa kullum ka buɗe ka duba duk sati, ka sa yatsa a bututun da ke bayan filtar, in ka ji tsakin ƙasa a ciki toh akwai inda iska take sata. Bakin mai kuma kamfani irin Honda yana cewa a canza duk awa 100 ko kilomita 1,000, amma ni shawarata ka raba biyu saboda zafin Maris da Afrilu namu da yake haura digiri 40. Kuma man mashin zaka sa mai alamar JASO MA a jikin galan, tunda da yawansu kulochinsu a cikin man yake wanka, man mota yana sa shi santsi.

Sai fetur. Nasan a ƙauye ba koyaushe ake samun gidan mai ba, na galan a bakin hanya ake sha, wani da ruwa wani da datti. Nan ne nake fifita tsohon yayi mai kafireta a kan sabon mai nozul, duk da mai nozul ya fi tashi da wuri ya fi tattalin mai. Kafireta in ta toshe duk wani mai gyaran mashin a Deba ko Kumo zai kwance ya wanke maka a zaune ɗaya, amma a mai nozul famfon mai da ke cikin tanki in ya ƙone, ko wata na'ura ta fara kunna wuta a allo, sai ka nemo mai kwamfuta, shi ma ba lallai na'urarsa ta karanta irin wannan ba. In zaka ajiye shi tsakanin girbi da noman rani ka rufe makunnin mai ka bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, ka cire kan batir, fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireta danƙo yake zama.

Yanzu wanne zaka saya? Baka faɗa min sunan wanda aka turo maka ba, toh ga yadda suke. Na aikin Honda, irin su Rancher da Foreman da Recon, basa amfani da bel, giya ce ta ƙarfe da shaf, basu da gudu sosai kuma kujerar bata kai ta wasu laushi ba amma abin lalacewa a jikinsu kaɗan ne, tsofaffin Rancher 350 da Foreman 450 ma ko lagireto babu, iska ce ke sanyaya su, kaga babu maganar taɓo ya toshe lagireto inji ya tafasa. Yamaha Grizzly da Kodiak da bel suke, sai dai an yi nasu yana ɗaure koyaushe akwai kulochi daban da yake ɗaukar wahalar tashi, shi yasa bel ɗinsu yake daɗewa. Polaris Sportsman da Can-Am Outlander sun fi ƙarfi da daɗin zama, kowace taya tana lotsawa da kanta, amma ka sani duk inda aka ƙara gaɓa an ƙara bushin da boris da roba da zaka riƙa canzawa. A ƙasar da dila yake kusa wannan ba komai bane. A Gombe kuwa, abu ɗaya ƙarami zai iya zaunar da kai sati uku kana jiran saƙo daga kasuwar kayan gyara ta Ladipo a Legas ko daga waje, kuma a tsakiyar damina.

Akwai kuma ƙananan 'yan Chaina masu inji cc 150 zuwa 250, kada a raina su gaba ɗaya. Injin da yawansu dangin na mashin ɗin kaya mai ƙafa uku ne, fistin da ringi da fulogi da kwayil zaka samu a shagunan kayan mashin, daga Nnewi da Kano ake kawowa, wannan ba ƙaramin abu bane. Inda suke gazawa shine jiki, noti yana kwancewa, wayarin yana tsinkewa, walda tana tsagewa, kuma yawanci tayun baya ne kawai suke ja da sarƙa. Baƙar lakar bakin kogin Gongola da na sani, wadda take kama takalmi ta cire maka shi, mai jan baya kawai bazai fita da buhunan taki ba. Kai kam mai jan ƙafa huɗu kake buƙata. CFMOTO shi ma na Chaina ne amma ajinsa daban, manya ne masu jan huɗu, sai dai shi ma ka fara tambayar inda zaka samu bel da shaf ɗinsa.

Abin da zaka fi canzawa a rayuwar mashin ɗin nan robar shaf ce, baƙar robar nan mai lanƙwasa da take rufe gaɓar kusa da taya. Kututturen dawa da masara bayan girbi da ƙayar aduwa suna yaga ta, giris ya fita ƙasa ta shiga, in ka ji ƙas-ƙas-ƙas lokacin da kake kwana toh gaɓar ta riga ta tafi. Robar araha ce, shaf ɗin kuwa tsada, don haka ka riƙa durƙusawa kana leƙawa duk ranar da ka dawo daga gona. Sannan ka ja kunnen mai faci, tayar nan iskarta tsakanin 3 zuwa 7 ne a ma'auni, shi kuma hannunsa ya saba da 30 da 40 na mota, in ya cika ta haka zata kumbura ta riƙa tsalle dakai tana kashe boris da shokozoba. Ka sayi ƙaramin gejinka na kanka.

Maganar sayen kuma, zuwa da kai ya fi aike, hoto a WhatsApp baya nuna komai. Ka je da bakanikenka da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar. A kwance notin man difaransha na gaba da na baya, in man ya fito fari-fari kamar an zuba madara toh an sha nutsar dashi a ruwa. A ɗaga shi a girgiza kowace taya, a duba firam ko akwai sabuwar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya, a sa jan huɗu a kan yashi a ga na gaba suna ja da gaske. In yana da allo ka duba awa, kada ka tsaya a kilomita kawai, wanda ya yi aikin gona kilomitarsa kaɗan ce amma awanninsa da yawa. Kuma kafin ka biya ka ɗauki sunan samfurin da shekararsa ka buga wa masu kayan gyara waya, ka tambayi kuɗin filta da birki da robar shaf da boris. In an rasa mai ce maka akwai, ka haƙura dashi komai kyansa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da gonar kaji da 'yar gonar kayan lambu a hanyar Dass, na sayi irin mashin ɗin nan mai bel yara suna jan tankin ruwa mai lita 1,000 dashi daga rijiyar burtsatse. Kullum warin roba yake, bel kuma baya daɗewa sai ya tsinke, shin jabu ake sayar min ko me?
Daga wata mai karatu, Bauchi

AMSA: Hajiya barka kadai. Zai iya yiwuwa jabu ne amma ni ban fara zargin bel ɗin ba, tankin nake zargi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan tan guda cur yaran suke ja banda nauyin tirelar kanta, alhali Honda Rancher 420 kilo 385 aka yarda ya ja, babban Grizzly 700 ma kilo 600 ne iyakarsa. Naki ma akwai takarda manne kusa da inda ake ɗaura tirela, ki sa a karanta miki. Na biyu kuma ina kyautata zaton a giyar H, wato babbar giya ta gudu, suke tafiya. Jan kaya a hankali a H yana sa bel ya riƙa zamewa a kan fulin yana ƙonewa, warin da kike ji kenan, giyar L, wato ƙaramar giya mai ƙarfi, aka yi don wannan aikin, duk jan kaya da hawan tudu da tafiyar hankali a L ake yi. Ki ce su riƙa cika tankin ƙasa da rabi suna yin sawu uku, man da zai ƙaru bai kai kuɗin bel ba, amma su tafi a hankali sosai a gangara domin ruwan da bai cika tanki ba yana kai da komo yana tura mashin ta baya, kuma birkinsa ba na tsayar da tirela bane. In sun tsallake rafi ya fara ihu baya tafiya, ruwa ne ya shiga gidan bel, akwai ƙaramin noti a ƙasansa da ake kwancewa ya zube, a bar shi a furi ana ɗan ba shi wuta har ya bushe. Sabon bel in za a sa, a goge fulin da kyau tukunna, baƙin da tsohon ya bari yana cinye sabon.

TAMBAYA: Yallabai akwai irin mashin ɗin nan na babanmu yana gida a Kaltungo, zan iya hawa titi dashi zuwa Gombe in ɗauki ƙanina a baya? Shekarata 17.
Daga wani ɗalibi, Kaltungo

AMSA: A'a ɗana, dan Allah kada ka yi, kuma ka nuna wa baba wannan amsar. Yawancinsu tayun baya a kan ƙarfe ɗaya suke juyawa tare, a kan ƙasa ta ciki tana ɗan zamewa sai kwana ta yiwu, a kan kwalta kuwa tayar kamawa take sai mashin ya nemi ɗagawa ya kife, ga hanyar Yola da tireloli. Tayar ma kwalta cinye ta take cikin ɗan lokaci, kuma ba irin wadda zaka samu a kowane shago bace. Doguwar kujerar da kake gani ta mutum ɗaya ce, an yi ta ne don mai tuƙi ya riƙa matsawa gaba da baya a hawa da gangara, in ƙaninka yana zaune a wurin babu inda zaka matsa kuma nauyi ya koma baya, a tudun Kaltungo da Tula wannan kaɗai ya isa ya ɗaga gaba. Kifewar nan ce tasa aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka a 1988, irin waɗanda Honda ya fara fitarwa a 1970, ita ce kuma tasa Ostareliya tun 2021 ta wajabta sa ƙarfen kariya a bayan sababbin na aikin gona, tunda abu ne mai nauyin kilo 250 zuwa sama da 300, in ya danne ƙirjin mutum shi kaɗai a gona bazai iya ture shi ba. Kamfanonin da kansu sun rubuta a jiki cewa wanda bai kai 16 ba kada ya hau babba, don haka ƙaninka kam ko tuƙi kada a bashi. Kai kuma ka hau a gona da hular kwano da takalmi rufaffe, in kuma gyara ne zai kai shi Gombe a ɗora shi a bayan a-kori-kura a ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu.