Amsar tambayarka kan zuba wa kare ido

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, rubutun wayar nan ne sai na lalubo tabarau shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce wai me ya sa manya ke hana yara ƙura wa baƙon kare ido, ko camfi ne kawai irin na mutanen da. To ba camfi ba ne wallahi, wannan kam ka riƙe shi hannu bibbiyu.

Kare fa yana karanta fuska. A jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland an fitar da wani bincike a 2016, karnuka 31 aka koya wa su kwanta gaban allon kwamfuta su ɗora haɓa su natsu, aka dinga nuna musu hotunan mutane da na karnuka, wannan da fara'a, wancan ya haɗe rai, wani kuma fuska kadaran-kadahan, ga na'ura tana bin duk inda ƙwayar idonsu ta sauka. Ido suke fara dubawa kuma nan suka fi daɗewa, ya fi hanci ya fi baki. Amma inda abin ya burge ni shi ne, in hoton kare ne ɗan'uwansu ya yage baki yana barazana sai su kafe shi da kallo har su bi bakin nan da ido, in kuwa mutum ne ya murtuke fuska sai su kawar da kai. Ka ga ke nan ba tsoro ɗaya suke wa su biyun ba, ɗan'uwa a sa masa ido a ga me zai yi, mutum kuma a lallaɓa shi, dubban shekarun da suka yi tare da mu ai ba a banza suka tafi ba.

Ni na gani da idona. Karen da na taɓa kiwo ina saurayi, in na shigo raina a ɓace ko uffan ban ce ba sai ka ga ya juya kai gefe, ya lashi hanci, ya yi wata hamma wadda ba ta barci ba, farin idon nan ya ɗan bayyana yana satar kallona. Lokacin cewa nake ya yi ɓarna ne yake jin kunya, har in hau shi da faɗa, Allah sarki, ashe haƙuri yake ba ni kan laifin da bai ma yi ba.

A Biyana ta ƙasar Ostiriya ma, 2015, a wani binciken, rabin fuskar mutum kawai aka nuna wa karnuka, ko wajen ido ko wajen baki, kuma suka bambance mai murna da mai fushi.

Sai dai kar ka je ka daina kallon naka na gida, wannan daban ne. A Japan a 2015 ɗin dai an auna an ga in kare da mai shi suka daɗe suna haɗa ido, sinadarin oksitosin, wanda ke ƙara shaƙuwar uwa da jariri, yana ƙaruwa a jikin su duka biyun. Baƙo ne matsalar, shi ƙura idon wanda bai sani ba neman faɗa ne a wajensa, in ya kau da kai ya lashi baki kai kuma ba ka fasa ba har kana matsowa, to ka toshe masa hanyar sulhu, saura haƙori.

Yaranka ne ma abin ji, don tsayinsu daidai da fuskar kare yake, shi ya sa cizon ƙananan yara ya fi samun fuska da wuya. Ka koya musu in sun gamu da wanda ba su sani ba su tsaya cak, su ba shi gefen jiki, hannu a ƙasa, ido a wani waje, ban da ihu ban da gudu, ya sansana ya wuce abinsa. Musamman ƙaramar nan mai rungumar duk abin da ta gani da gashi.

Ka gaida mai ɗakin naka da yaran.