Me ya sa 2,147,483,647 ta yi suna?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja, kuma ko da yaushe ina cin karo da lambar 2,147,483,647. An ce mini ba ta rabuwa da komai. Gaskiya ne? Yaya ake tabbatarwa?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Firam ce, wato babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Jera 2 guda 31 ka ninka su, za ka samu 2,147,483,648. Cire ɗaya, ga lambarka. Masu irin wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, kuma ita ce ta takwas cikin waɗanda suka zama firam, bayan waɗanda ake samu da 2 guda 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19.

Kada ka ɗauka cewa don 31 firam ce shi ke nan. Gwada da 11: za ka samu 2,047, wadda ita ce 23 sau 89.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da ita a 1772, da hannu. Ba sai an gwada kowace lamba ba. Iyakar gwaji ita ce 46,340, domin 46,341 sau 46,341 ta riga ta wuce lambar. Sannan duk firam ɗin da zai raba ta dole ne in an raba shi da 248 ya bar saura 1 ko 63. Wannan ya rage aikin zuwa rabawa ƙasa da 400.

A yau gwajin Lucas da Lehmer ya fi sauƙi. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe saura kawai. Maimaita sau 29, wato 31 ban da biyu. In ka ƙare da sifili, firam ce. Fara gwada hannunka da ita kanta lambar 31 (2 guda 5 a ninka, a cire ɗaya), mataki uku ne kacal, wato 5 ban da biyu: daga 4 zuwa 14, zuwa 8, zuwa 0.

A nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Ninka saura da kansa yakan haifar da lamba mai girman da ma'ajin bit 32 (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1) ba zai ɗauka ba, sai amsa ta fito a karkace ba tare da wani gargaɗi ba. Yi amfani da bit 64.

Dalilin yawan ganinta ke nan ma. A ma'ajin bit 32, ana ware bit ɗaya don alamar ƙari ko ragi, saura 31. Cika su duka da 1, ka samu wannan lamba. Ƙara ɗaya a kai, a na'urori da yawa sai ta juye zuwa −2,147,483,648. Tsofaffin tsarin sarrafa kwamfuta na Unix da ke ƙirga daƙiƙu tun 1 ga Janairu 1970 za su kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038.