Ya zauna daram, amma ya ƙi tashi

Jiya bayan sallar Isha, muna rufe shago, ka ce min: "Mu'allim, furosesan nan (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7-7700 da na samo a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh a Jidda ya shiga madabod (babban faifan da ake dasa kayan kwamfuta a kai) ɗin H310 daram, amma fanka ta juya ta tsaya, allo baƙi ƙirin. Ko mutacce aka sayar min?"

Da ƙyar in ya mutu, ɗana. Ka faɗa ramin da kusan duk mai koyon aikin nan ke faɗawa, ni ma ban tsira ba a lokacina. Furosesanka zubi na 7 ne, madabod ɗin kuma na zubi na 8 da na 9. Dukkansu sunan soket ɗinsu, wato gurbin da furosesa ke zama, LGA 1151, allurai 1151 cif, tsaga ɗaya, shi ya sa ya zauna ba gardama. To amma a 2017, da Intel ta fito da zubi na 8 mai ƙwaya shida (ƙwaya ita ce sashen da ke yin lissafi a cikin furosesa), sai ta ɗauki wasu alluran da a da ba su aikin komai ta mai da su na kai wuta. Ga shi BIOS ɗin H310, wato manhajar cikin madabod da ke tada kwamfuta, bai san zubi na 7 ba ko a mafarki. Gida ɗaya ne a ido, amma an sake wayoyin ciki. Akwai masu kutsa BIOS su tilasta abin ya tashi. A shagon nan ba ma yi wa kayan mutane wannan kasada.

Gara ma kai, naka ya shiga lafiya. Bara wani ya kawo min madabod LGA 1150 da ya danna wa furosesan LGA 1155, wai ai bambancin allura biyar ne kawai. Tsagar gefen ba wuri ɗaya take ba, sai ya sa ƙarfi. Na kwashe awa biyu da gilashin ƙara girma da bakin allurar sirinji ina miƙe alluran soket ɗaya bayan ɗaya, guda biyu suka karye a hannuna. A Intel alluran a jikin madabod suke, siraran gaske kamar gashin goshi. Duk furosesan da bai faɗa da nauyin kansa ba, ɗaga shi.

Kada ka ɗauka kamfanin AMD ya fi sauƙi don ya daɗe a kan soket AM4 tun 2016. Gaskiya ne madabod B450 na ɗaukar furosesan Ryzen daga zubin 1000 har 5000 in an sabunta BIOS, amma B550, wanda ya fi shi sabunta, a hukumance ba ya karɓar 1000 da 2000. Wani sabon BIOS ɗin ma zubar da tsofaffin furosesa yake yi don wurin ajiyarsa ya yi kaɗan. AM5 kuwa, da ta zo a 2022, wata duniya ce: soket daban, ram DDR5 zalla. Saboda haka kafin ka ɓare kwali, shiga shafin kamfanin madabod ɗin, nemi jerin furosesan da yake ɗauka, ka duba lambar BIOS ɗin da ke gefen sunan naka. Minti biyu ne a waya.

Yanzu me za ka yi? Kana iya neman madabod B250 ko Z270 na hannu, furosesanka zai tashi nan take, ram ɗinka DDR4 ma ba sai ka canza ba. H110 da B150 su ma suna yi, sai dai in BIOS ɗinsu tsoho ne dole ka ari zubi na 6 ka sabunta tukuna. Ni dai da ni ne, madabod ɗin zan riƙe, in sayar da i7 ɗin in sayo i5-8400. Ƙwaya shida gare shi, naka huɗu, kuma Windows 11 daga zubi na 8 ta fara karɓa a hukumance, ga Windows 10 an daina tallafa mata tun Oktoban 2025. Mai saye zai tambaye ka wannan.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da shi da wuri. Akwai B250 a ƙasan kanta, mu gwada shi mu tabbatar yana da rai kafin ka kai shi titin Khalid bin Walid, wurin masu kayan kwamfuta, a yi maka kuɗi.